Kwamin da Aka Gina wa Inna

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi lanƙwasuwa, Yaya ya je Bilbis ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a Gusau. Ciwon bai dame ta can ba, don mace ce da ta yi daka ta yi surfe, ta haifa ta binne, wahala ba baƙuwarta ba ce. Abin da ke ci mata rai shi ne sallah a kan kujera. Sai ta zauna a farar kujerar roba ta ɗan sunkuyar da kai a ce wai ta yi sujada, in ta sallame ta bi kujerar da harara kamar ita ta jawo mata. An gaya mata ya halatta, ita ma ta san ya halatta, don ta fi yawancinmu karatun littattafan addini. Amma ta ce ita dai tana so goshinta ya sake taɓa ƙasa kafin a sa ta cikinta.

Likitan ƙashi ya ce abin da zai taimake ta shi ne tafiya cikin ruwa, don ruwa yana ɗauke nauyin jiki, gwiwa ta motsa ba tare da ta sha wuya ba. Ya faɗa ne kawai irin na likitoci, kamar kowa yana da gulbi a tsakar gida. Yaya kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, in ya sa abu a gaba sai ya ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Ya sa aka haƙa kwami a bayan gida, zurfinsa iya ƙirji, aka shafe shi da shuɗin tayil, aka yi masa matakala da ƙarfen dafawa. Tunda mata ne za su shiga, aka zagaye shi da gini aka rufa kwano, aka bar ƙananan tagogi can kusa da rufi, aka sa fallen kwanon roba don haske ya riƙa shigowa. Maƙwabta suka yi ta tsegumi wai Alhaji ya gina wa tsohuwa kogi a ɗaki. Shi kuma ya ce ko Inna ta ƙi shiga bai yi asara ba, sai ya zuba tarwaɗa.

Ni ce ƙaramarsu, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata, gidana kuma ba nisa. Ban jira an roƙe ni ba na karɓi kula da ruwan, don na san halin gidanmu, in an bar musu za su cika kwamin su yi masa addu'a su tafi. Ruwan rafi yana wucewa da dattinsa, na kwami kuwa yana nan tsaye, abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai dai inji ya ja shi ya tace, kilorin kuma ya kashe abin da ido ba ya gani. Kowace safiya kafin in wuce makaranta nakan tsoma tsinken gwaji in haɗa launinsa da na jikin kwalba. In ya yi fari-fari sai in ɗebi ruwa a bokiti, in zuba garin kilorin a ciki in dama, in bi gefen kwamin ina tsiyayawa. Rufin yana da amfaninsa, don rana ba ta samun cinye maganin kamar yadda take yi a buɗaɗɗen wuri, kaɗan ma yana daɗewa. Sai dai da bazara kwanon nan yakan mai da ruwan kamar kunun da ya fara hucewa, ga haske ta kwanon roba, gansakuka kuwa ba abin da take so irin ɗumi da haske. Saboda haka ranar Asabar nakan bi kusurwoyi da ƙarƙashin matakala da buroshi mai dogon hannu, tun kafin ta samu wurin zama. Ban ɓoye ba, ina alfahari da ruwan nan, ko allura ce ta faɗa ciki sai ka hango ta.

Inna ta ce ba ta shiga ita kaɗai, ruwa mai yawa ba a yi masa haka. Ta aika aka kira Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Bungudu, wadda tun suna matasa suke faɗa suna shiryawa. Goggo ta zo, ta kuma jawo tsofaffin unguwa masu ciwon baya da na ƙugu. Duk wanda bai ga tsofaffin nan sun jeru suna riƙe da ƙarfe ba, suna takawa a hankali suna hirar wanda ya yi aure da wanda ya saki, bai ga abin dariya ba. Amma abin ya yi aiki. Ba a daɗe ba Inna ta fara hawa dandamalin ƙofar ɗaki ba tare da an kama ta ba, har ta fara cewa in Allah ya so kafin azumi za ta rabu da kujerar nan.

Matsalar ta shigo ne ta inda ban zata ba. A wurin su Goggo, fita daga gida zuwa gidan wani unguwa ce, unguwa kuwa ba a zuwa haka nan kamar wadda aka koro. Sai an shafa mai tun daga goshi har dunduniya, an zuba humra, an ranbaɗa kwalli, wata ma da ɗanyen lalle a ƙafa. Haka za su shiga da zani biyu da hijabi, waɗanda suka sha turaren wuta da ƙurar mota. In sun fito sai ka ga maiƙo yana yawo a saman ruwan kamar na romo. Ana cikin haka wata rana Goggo ta ɗaga kai ta hango wani mutum a saman benen maƙwabta yana gyaran tankin ruwa. Ko ya ga wani abu ko bai gani ba, Allah masani, amma kafin la'asar ta sa an cusa tsofaffin buhunan Yaya a kowace taga. Matar Yaya ita ma ta samo tamfol tana rufe fuskar ruwan da zarar an fito, don kada ƙadangaru su faɗa.

Sai wuri ya ɗauki wari. In ka buɗe ƙofa wani abu ne zai doki hancinka, ido ya yi ja, tsofaffi su fito suna tari. Inna ta kira ni ɗakinta ta sa na zauna a ƙasa, na san hukunci za a yanke.

"Malama," ta ce, don haka take kirana in za ta yi mini ba'a, "ruwan ga ya sake. Ruwan da warinai ya sake kuwa ba ruwa na ba. Maganin ga naki ya yi yawa, ki rage shi."

Na yi mata bayani da muryar aji, da sauri, ina kallon agogo. Na ce warin ba na yawan magani ba ne, na ƙarancinsa ne. Ta dube ni kamar na ce mata rana daga yamma take fitowa. Ta ce tun kafin a haife ni ta san abu uku da ake duba ruwa da su, launi da ɗanɗano da wari, in ɗaya ya canza an gama magana. Na ce ai ba wanda ya ce ta yi alwala da shi. Ta ce jikin da take sallah da shi ba za ta riƙa jiƙa shi a ruwa mai warin asibiti ba. Na ce to, na fita, na ci gaba da zuba abina yadda na saba, na cire buhunan, Goggo ta mayar, na sake cirewa.

Ana nan aka tura ni Tsafe aikin sa ido a jarrabawa. Na auna wa matar Yaya maganin na nuna mata yadda za ta yi. Mutuniyar kirki ce, amma ba a haifi ranar da za ta ce wa surukarta a'a ba. Ina juya baya Inna ta ce a daina zubawa, aka daina. Ga wuta ana ta ɗaukewa, injin tace ruwa ya fi kwana da yini a kashe. Da ruwan ya fara dishi-dishi sai Goggo ta kawo alam, irin wanda suke jefawa a randa in an ɗebo ruwan gulbi da damina. Laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, warin ma ya ragu, suka yi ta murna wai sun gano abin da Malama ta yi shekaru tana karantawa. Alam kuwa kwantar da datti kawai yake yi, ba ya kashe komai, su kuma ba su da hanyar sanin haka.

Ranar da na dawo ko gida ban je ba na biya gidan Yaya. Na ɗaga tamfol ɗin nan, wani tururi mai ɗumi ya taso, na ga bangon kwamin ya yi kore shar tun daga matakala har kusurwar ƙarshe. Na shafa da yatsa na ji yauƙi kamar miyar kuɓewa. Nan matar Yaya ta gaya mini, tana murza gefen zani, cewa jiya Inna ta zame a matakala. Ba ta faɗi ba, hannunta ɗaya na kan ƙarfe, Goggo kuma ta cafko ta, amma gwiwar ta murɗe ta kumbura. Na shiga ɗaki na sami Inna a kan kujerar roba tana jan carbi, ko kallona ba ta yi ba ta ce ta gama da kwami, Allah bai nufa ba. A zaure kuma Yaya har ya yi magana da wani mai sayar da 'ya'yan tarwaɗa a garin Wanke. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na san in Inna ta saki wannan ta saki ke nan, a kan kujerar nan za ta ƙarasa sallolinta.

Na ce wa Yaya kifayensa su jira. Ya ce ai ruwan ya riga ya zama na kifi, na ce in ya zuba ko ɗaya zan soya masa shi a gabansa. Na kira mai walda ya yi wa tagogin ƙarafa masu karkata sama, iska ta wuce ido bai wuce ba, har na sa Yaya ya roƙi maƙwabcin ya bar shi ya hau benen ya duba da kansa. Na fitar da tamfol na shanya a rana na ce ya yi zamansa a can. Na ɗaure zani na bi bangon nan da buroshi taku-taku har hannuna ya yi kanta, sannan na zuba kilorin mai yawa, ninkin abin da na saba, na kulle ƙofa na tafi da makullin a jakata, don ruwa a wannan hali ba na shiga ba ne. Janareta ya yi ta aiki, Yaya yana ƙunƙunin mai. Koren ya koma fari-fari, mataccen ya kwanta a ƙasa na zuƙe shi, na wanke matatar na sake wankewa. Sai da tsinken gwaji ya sauko inda nake so na buɗe ƙofa. Ruwan ya dawo tas, wari kuma babu sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza, na kuma san abin da ya tsamar da wannan. Muddin za a ci gaba da shiga da mai da humra, gobe ma haka za a koma. Magani ɗaya ne, kowa ta watsa ruwa da sabulu kafin ta shiga. Da Goggo ta zo duba ƙafar Inna na gaya mata haka, a gaban mutane, ba kwana-kwana. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ni za ki ce ma in yi wanka? Ni da na wanke ki ranar da anka haihe ki? Mi kika gani jikina?"

Ko abinci ba ta tsaya ci ba ta nufi tasha. Sauran tsofaffin suka ɗauke ƙafa, don inda Goggo ta sa gaba nan suke bi, kuma labari ya zaga unguwa cewa Malama ta ce tsofaffi ƙazamai ne. Har yau ina nan a kan bakana, gaskiya na faɗa. Sai dai gaskiyar ta bar ni da ruwa mai kyau wanda ba mai shiga, Inna kuwa ko an ɗaura mata igiya ba za ta shiga ita kaɗai ba.

Da kumburin ya saɓe na lallaɓa ta, na ce ba shiga za ta yi ba, ta zo dai ta gani. Ta dafa kafaɗata muka taka har bakin kwamin. Ta sa na ɗebo mata a moɗa. Ta duba a haske, ta shinshina, ta ɗan taɓa da harshe. Sai ta tambaye ni ko na bar zuba maganin ne. Na ce wanda ke ciki yanzu ya fi na ranar da ta ce ya yi yawa. Sai ta ce in sake yi mata bayanin nan, amma a hankali, ita ba 'yar ajina ba ce. Na zauna a bakin matakala na ce ta tuna ruwan wanke-wanke in ya kwana, ai ba sabulun ke wari ba, maiƙon da ya wanko ne. Haka maganin nan, in ya gamu da mai da gumi da turare sai ya kama su, ƙarfinsa ya ƙare a kansu, abin da ya rage shi ke tashi ya shiga ido da hanci. In an toshe tagogi ba shi da hanyar fita, in kuma aka rage magani a lokacin, gansakuka ta samu gida. Ta ce ashe an bar jaki ana dukan taiki. Ta miƙo mini moɗar.

"Kina da gaskiya, baki na ba ki da shi. Bar mini Goggonki."

Ta sa matar Yaya ta kira mata Goggo a waya. Ba ta ambaci kwami ba, ba ta ambace ni ba, ta ce kawai kewa ta dame ta, kuma an kawo mata fura daga Bilbis ba ta da abokiyar sha. Ranar Asabar Goggo ta sauka daga mota da hantsi, fuska a ɗaure, ta sha humra fiye da kullum, ina jin don ni ta ƙara. Na gaishe ta ta amsa da hanci. Suka gaisa da Inna, aka sha ruwa, aka tambayi mutanen Bungudu ɗaya bayan ɗaya. Can sai Inna ta dube ta da tausayi ta ce, "Kin sha hanya, ga rana. An kai miki ruwa."

Nan na gane abin da tsohuwar nan ta shirya. A wurinmu in baƙo ya sauka aka ce an kai masa ruwa, girmamawa ce, ba ya buɗe baki ya ce shi ba shi da datti. In ya ƙi, masu gida ya wulaƙanta. Matar Yaya ta riga ta sirka ruwan ɗumi a banɗakin da ke jikin kwamin, ga sabon sabulu, ga sabon soso, ga wankakken zani da ƙaramin hijabi a rataye. Goggo ta tashi ta shiga. Tana fitowa ta tarar da Inna a bakin matakala, ita ma ta yi nata wankan, tana cewa tunda jiki ya riga ya jiƙe ta zo ta riƙe mata hannu, don tun ranar da ta zame ba ta yarda da hannun kowa ba sai nata. Na ga Inna ta taka matakalar farko, na ga ta cije ta sauka ta biyu, tayil ɗin kuma ya riƙe ta.

Da suka fito an riga an ajiye kasko da turaren wuta, da man shafawa, da wata humra da Inna ta ɓoye tun bikin jikarta, wadda ta fi ta Goggo nesa ba kusa ba. Suka zauna suka yi kwalliyarsu a tsanake. Goggo ba yarinya ba ce, ta san abin da aka yi mata sarai. Da za ta wuce ta gabana tana ƙamshi ta ce, ba tare da ta tsaya ba, "Malama, ki koma makaranta ki koyo magana."

Daga ranar abin ya zama tsarin gidan. Tsofaffin suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowacce aka tare ta da sannu da hanya, an kai miki ruwa, har da wadda katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan Yaya. Ita ma sai ta ce wallahi kuwa ta sha hanya, a yi dariya, ta shige banɗaki. Kwalliya ta koma bayan fitowa, har suka fara gasar wadda za ta kawo turaren da ya fi. Ni kuma na ci gaba da tsinkena da bokitina da buroshina, maganin da nake zubawa ya ragu da kansa, ba wanda ya sake tari. Damina ta zo ta wuce bango bai yi kore ba. Azumin da Inna ta sa wa rai ma ya zo ya wuce tana kan kujera, abin ya yi mata ciwo, amma ba ta fasa shiga ruwa ba.

Wata rana bayan an gama girbi na taso daga makaranta na biya da la'asar. Na tarar da Inna a tsakar gida ta shimfiɗa buzu a kan yashi kusa da bango, ta riga ta tayar da sallah a tsaye. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a hannu. Ta yi ruku'u ta ɗago, sannan ta dafa bango ta sauke gwiwa ɗaya, ta daɗe, ta sauke ɗayar. Ta kai hannuwanta gaba, kanta ya wuce bakin buzun ya sauka a kan yashi. Ta daɗe a haka har na fara tunanin ko in matsa, sai na ji tana tasbihi, muryarta tana karyewa. Sauran raka'o'in a zaune a ƙasa ta yi su, kowacce da sujadarta. Ni dai hawaye nake, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Da ta sallame ta gwada tashi ta kasa, ta yafito ni. Na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta, tana gargaɗina kada in gaya wa Yaya sai da aka ɗaga ta. Yashi ya manne mata a goshi da kan hanci. Na kama gefen mayafina zan share mata, ta riƙe mini hannu.

"Bar mini abina," ta ce.